Muzurun da Yaya Ya Ara

A ƙauyenmu ana aron mage kamar yadda ake aron turmi ko galma. In ɓera ya dame ka a rumbu, kai kuma ba ka da mage, sai ka aika gidan da suke da ita, a sako maka ita a buhu, ta yi maka aiki, ka mayar. Ba wanda yake ganin wannan abin magana ne. Ni ma ban gani ba sai da abin ya zo kan muzuruna.

Fari ne mai baƙin bindi, da ɗan tabo a kunnen hagu. Tun yana ɗan mitsitsi ya shigo gidanmu da kansa, ya kwanta a gindin randa, bai sake tafiya ba. Abincinsa ɓera ne da ƙadangare, sai hanjin kaza in an yi yanka. Na ajiye masa wani ɗan kasko kusa da randar, kullum da safe ina wankewa in zuba sabon ruwa. Yana sha sosai, har ka ji ƙarar harshensa. Mutanen gida suna yi mini dariya a kan kaskon nan, amma sun saba da ni. Ni mutum ne mai wasu-wasi, na sani, ba sai an faɗa mini ba. Nakan sake alwala in na yi shakkar gwiwar hannu. Nakan kai bakin gona in dawo gida don in duba ko na rufe akurki.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Sana'arsa sayen wake da kaka. Yakan tara shi a wani sito mai rufin kwano a bayan gidansa, ba taga sai wata 'yar kafa can sama, ya jira ya yi tsada ya kai Dawanau. A shekarar da nake magana, da bazara ta kankama, ɓeraye suka samu hanya suka shiga siton suna fasa masa buhuna. Bai aiko kowa ba, da kansa ya zo, da buhu a hannu.

"Ina ɗan gatan nan naka?" ya ce. "A ba ni shi ya je ya yi aikin da aka halicce shi dominsa. Ya gaji da zaman hutu."

Na ce, "To, Yaya. Sai dai don Allah a riƙa ajiye masa ruwa. Mai shan ruwa ne."

"Ruwa? A siton wake?" Ya dube ni kamar na ce a kunna wuta a ciki. "Kai ka taɓa ganin an kai ruwa inda ake gudun laima? Ya kifar da shi a gindin buhu, wa zai biya ni? Ai mage jinin ɓera take sha. In ka ƙosar da ita da ruwa barci za ta yi ta yi."

Wannan magana ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Haka duk garin suke faɗa, haka muka ji tun muna yara. Duk da haka na ɗauki kaskon na bi shi da shi har gida, na ba matarsa. Washegari da na leƙa, na tarar da kaskon a tsakar gidansu an zuba wa 'yan tsaki tsaki a ciki.

Makullin siton yana aljihun Yaya, Yaya kuma yau yana kasuwar Kunci, gobe yana wata. In na tare shi na tambaya, sai ya ce, "Yana nan lafiya lau, har tumbi ya ajiye." Daga baya na gane ɓerayen ba su daɗe ba. Muzurun ya kashe na kashewa a 'yan kwanakin farko, sauran suka gudu da suka ji warinsa. Daga nan ba abin da yake samu sai abin da matar Yaya take jefa masa ta kafar nan ta sama: kawunan busasshen kifi da ƙayarsu, gutsuren ƙuli-ƙuli, da ƙanzon tuwo. Duk abin da ka taɓa a ciki busasshe ne. Ga kwano a kansa, ga ranar bazara da ko takalmi ka bari a waje sai ya yi laushi.

Wata rana da azahar na bi ta bayan siton na ji kukansa. Ba irin kukan da na sani ba ne, muryar ta dushe. Na koma gida na cika buta, na zo na durƙusa na riƙa tsiyaya ruwan a hankali ta ƙarƙashin ƙofa, ina jin yana lasa daga ciki. Wani ya gan ni ya kai labari. Da yamma Yaya ya same ni a gaban mutane a ƙofar masallaci, ya yi mini tas. Wai ina so in ruɓar masa da dukiya saboda dabbar da ko a kasuwa ba a sayar da ita. Na sunkuyar da kai, don wana ne. Na ce to a ba ni abina. Ya ce sai ranar da mota ta zo ɗaukar kaya, don in aka fitar da shi yau, gobe ɓerayen za su dawo.

Fiye da mako biyu ya yi a ciki. Ranar da aka loda waken, aka dawo mini da shi a buhun da aka tafi da shi. Da na zazzage shi, kai tsaye gindin randa ya nufa. Na zuba masa ruwa a murfin tukunya ya sha, ya sha, har na ji tsoro na janye. Ya rame, gashinsa ya yi buzu-buzu. Na ce a raina, ba komai, tunda ya dawo gida zai murmure.

Ba a jima ba na fara lura da wani abu. Akwai tarin yashi a kusurwar gidanmu, ragowar na gini, nan yake zuwa ya yi buƙatarsa ya binne. Sai na ga yana zuwa wurin, ya tona, ya tsuguna, ya daɗe yana yunƙuri, ya tashi. Kafin ka juya ya sake komawa. In na je na duba ramin, ba komai sai ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. In ya tashi daga nan sai ya zauna ya yi ta lasar ƙasan cikinsa. Sannan ya fara abin da bai taɓa yi ba tun yana ƙarami. Ya ɗiga a kan tabarma, ya ɗiga a simintin bakin ƙofa inda ke da sanyi, ya ɗiga a kan buzun da nake salla. Ɗigon na kan buzu ba fari ba ne, da ja-ja a cikinsa.

Duk wanda ya san halina ya san abin da wannan ya yi mini. Na wanke buzun, na shanya, na sake wankewa. Na rasa inda zan taka a ɗakina in tabbata ƙafata da tsarki. Maiɗakina ta ce, "Malam, wannan iskanci ya koyo a can. Ka bari in ɗan zane shi da tsintsiya, zai daina."

Na ce, "Kada ki taɓa shi. Wanda yake iskanci ba ya kuka in ya tsuguna."

Da yammacin ranar matar Yaya ta shigo karɓar rariya. Tsakanina da ita akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji, ba ta ganina ta ƙyale. Ta tsaya ta kalli muzurun yana nishi a kan yashi.

"Kai mijin mage," ta ce, "amaryar taka ce ke naƙuda?"

"Ku kuka san abin da kuka yi masa."

"Mu? Kifi muka ba shi, wanda ko kai ba kullum kake ci ba. Wannan ai ciki ne ya cushe, kashi ya ƙi fita. Jar kanwa za a jiƙa a ɗura masa, kafin gobe ya warware."

Na ce a'a. Ban san me ke damunsa ba a lokacin, amma na ga jini, kuma na ga ba ta baya abin yake ba. Na ce kada a ba shi komai sai na yi tambaya. A wurinmu kuwa kanwa ita ce maganin duk abin da ya shafi ciki. Akuya ta kumbura, kanwa. Jaki ya ƙi cin ciyawa, kanwa. Mutum ya ci wake ya dame shi, kanwa. Ina fita sallar magariba suka jiƙa ta a moɗa, maiɗakina ta riƙe shi a zane, matar Yaya ta buɗe masa baki ta ɗura. Da na dawo na ga ruwan ja-ja a haɓarsa. Maiɗakina ta ce ita kunya ta hana ta musa wa babba. Kunyar nan tamu, da ita aka rufe shi a sito, da ita kuma aka ɗura masa kanwa, shi da ba ya cikin masu jin kunyar kowa.

Da gari ya waye ko ɗigon ma ya daina fita. Ya yi amai, ya ƙi kallon ruwa, ya kwanta a gindin randa da kansa a ƙasa. Na sa hannu a hankali na shafa mararsa, sai na ji wani abu dunƙule, mai tauri kamar goruba. Ya yi wata ƙara da har yau ban manta da ita ba. Na san akwai asibitin dabbobi a Ɗambatta, don na taɓa raka maƙwabcina da saniyarsa. Na kama zakara ɗaya na guzuri, na shimfiɗa tsumma a kwando na kwantar da muzurun, na rufe da tsohon zane, na fita bakin titi.

A mota kwandasta ya miƙo hannu zai ɗora kwandon a sama tare da kaya. Na ce a cinyata zai zauna.

"Baba, ƙwai ne?"

"Muzuru ne. Ba shi da lafiya."

Sai 'yan motar suka fashe da dariya. Wata tsohuwa da ke gefena ta tattare zanenta ta matsa, tana neman tsari, wai ita ba ta haɗa tafiya da mage. Wani mai hula a baya ya ce, "Malam, in an ba shi gado a faɗa mana, mu zo dubiya da lemo." Wani kuma ya ce shi a saninsa mage in ta ji ajalinta ya zo daji take shiga ta mutu da kanta, ba ta wahalar da kowa. Hannuna yana ƙarƙashin zanen a kan haƙarƙarinsa, ina jin numfashinsa, duk ramin da mota ta faɗa sai in ce ya tsaya.

A asibitin na tarar da masu shanu da masu tumaki a inuwar bishiya. Likitan saurayi ne, ba zai wuce sa'ar ɗana na fari ba. Na tsaya ina jiran ya yi dariya shi ma. Bai yi ba. Ya ɗaga zanen, ya taɓa marar, ya ce wa waɗanda ke gabana su yi haƙuri, wannan ba zai iya jira ba.

"Baba, yaushe rabonsa da fitsari?"

Na faɗa masa. Ya ce mafitsara ce ta cika ta toshe, kuma da na ƙara kwana ɗaya ko biyu da sai dai wani labarin. Ya yi masa allura ya yi barci. Ya ɗauko wata 'yar siririyar roba, ya yi ta lallaɓawa yana tura ruwa da sirinji, gumi yana zubo masa. Na juya baya, na juyo, na sake juyawa. Can sai na ji ya ce, "Yauwa." Fitsari ya fara zubowa a cikin wani kwano, ja kamar ruwan zoɓo, ya yi ta zuba har na yi mamakin inda ya samu wurin zama a ɗan cikin nan. Da ya gama ya karkata kwanon ya nuna mini gindinsa. Wani abu ne fari-fari ya kwanta, kamar yashin rafi mai laushi.

"Wannan ne ya toshe shi," ya ce. "Hanyar fitsarin namiji siririya ce ƙwarai, abu kaɗan ke rufe ta. Me yake ci?"

Na ba shi labarin siton duka. Ya girgiza kai. Ya ce maganar jinin ɓera akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, don mage takan samu ruwa mai yawa daga ɗanyen naman da ta kama. Amma in ba ɓeran fa? In busasshen abu kawai take ci, ga zafi, ga ba ruwa, sai fitsarin ya yi kauri, abin da ke cikinsa ya fara daskarewa. Ƙayar kifi kullum tana ƙara abin da ke daskarewar. Ya ce ko kullewar kanta, da firgicin baƙon wuri, suna taɓa mafitsarar mage.

"Kun ba shi wani magani a gida?"

"An ɗura masa kanwa."

Ya dakata da wanke hannun da yake yi. "Kanwa? Baba, irin wannan yashin galibi kanwa ƙara shi take yi. Mage ba akuya ba ce."

Ya yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya riƙe mu har bayan la'asar yana dubawa, ya ba ni magani. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ya buɗe hanya, amma tana iya sake toshewa, kuma bai san irin wahalar da ƙoda ta sha ba. In zuwa gobe bai yi fitsari da kansa ba, in dawo da shi ba tare da jinkiri ba. In ya yi, to sauran aikin na abinci ne. Nama ko kayan ciki, a dafa da ruwa mai yawa a ba shi har da romon, ba gishiri, ba kanwa, ba albasa. Ruwa a wuri fiye da ɗaya. Tuwo da miya, ya ce, namu ne, ba nasa ba.

Na sayar da zakaran, na biya abin da ya kamata, na tsaya wurin mahauta na sayi kayan ciki, na hau mota.

Rana ta yi sanyi sa'ad da na sauka. Hanyar gidana ta ƙofar gidan Yaya ta bi, yana zaune a tabarma da abokansa. Labari ya riga ni isowa.

"Ga mai jinya ya dawo," ya ce. "Ya jikin Alhajin? An ce sai an fita da shi waje?"

Suka yi dariya. Na ajiye kwandon a ƙasa. Ban taɓa tsayawa a kan Yaya yana zaune ina magana ba, amma ranar ban tsuguna ba. Na faɗa masa abin da likita ya ce, ban rage ba. Na ce, "Yaya, da jakina ka ara, za ka kulle shi mako biyu ba ruwa?"

"Jaki ai dukiya ne."

"Wannan kuma rai ne. Ya tsare maka wakenka. Ruwa kawai na roƙa, har da kaskon na kai."

Na so in tuna masa abin da malamai suke faɗa a wa'azi game da matar da ta kulle mage, don tare muke zama a sahu muna ji, shi har gyaɗa kai yake yi. Amma na ji tsoron kada ya zama na yanke wa wana hukuncin da ba nawa ba ne, sai na haɗiye. Shi kuwa ya juya wajen abokansa ya ce, "Ku ƙyale shi. Tun yana yaro haka yake, in kiyashi ya faɗa a kunu sai ya yi masa zaman makoki." Bai ce a buɗe kwandon ya gani ba. Bai ce sannu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ko a fuskarsa ban ga alamar ya san an yi wani abu ba. A wurinsa ya ari kaya ya mayar.

Washegari ban je gona ba. Maiɗakina, ba tare da na ce mata komai ba, ta tashi ta dafa kayan cikin a 'yar tukunya daban, ta zuba romon ya huce. Muzurun ya ɗaga kai ya shinshina, ya kau da kai. Na ɗiga masa a baki da yatsa. Ya lasa. Na sake ɗigawa. A hankali ya miƙe ya sa baki da kansa ya sha kaɗan, ya koma ya kwanta. Na zauna a kan turmi na zuba wa tarin yashin nan ido. Na riga na ajiye kwandon a bakin ƙofa, da zanen a ciki, ko da za a koma.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin ya tashi. Yana tafe yana tangaɗi, ya tsaya a tsakiyar gida kamar ya manta inda za shi, sannan ya ƙarasa. Ya tona. Ya tsuguna. Na hana maiɗakina motsi da hannu. Ya ɗan yi nishi sau ɗaya, sai na ga bindinsa ya saki. Ya daɗe a tsugune, amma ba irin daɗewar da ba. Da ya tashi ya juya zai binne, na riga shi isa wurin. Yashin ya jiƙe, faɗin tafin hannuna har da ƙari. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har kaji suka watse.

Matar Yaya ta ji ni daga gidansu. Ta leƙo ta kan katanga.

"Ya yi?"

"Ya yi."

"To ka gani! Ai na faɗa maka kanwa ba ta ƙarya, jinkiri kawai take yi. Ka tashi ka kwashi jiki har Ɗambatta a banza, ka yi asarar zakara."

Kafin azahar maganar ta zaga gari a haka, kuma a haka ta zauna har yau. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina gyara musu, ina ba su labarin robar da yashin da na gani da idona a gindin kwano. Sukan saurare ni har in gama, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su tambaye ni jar kanwa ce aka ba shi ko fara.